Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin jimar fata da ke bayan unguwarmu a Challawa

Assalamu alaikum Yallaɓai Manaja, da sauran masu kamfani.

Na rubuto wannan a fili ne saboda maganar baki ta ƙi ci, mai unguwa ya je, liman ya je, matasa sun je, kullum a bakin get ake tsayar da mutane a ce oga ba ya nan ko a ce ana kan gyara. Ban kama sunan kamfaninku ba don ba tozarci ne ya kawo ni ba, amma kun san kanku, duk wanda ke zaune a wannan ɓangaren na Kumbotso ma ya san da wa nake.

Abin da muke nema guda ɗaya ne, injin tace ruwan dattinku da na rage hayaƙi su riƙa aiki kullum ba sai ranar da kuka ji masu duba suna tafe ba. Wallahi mu da ke bayan katanga muna gane ranar duba tun kafin motocinsu su iso, an share harabar, ana jin ƙugin injin tacewa, ruwan da ke fitowa ta lambatu ya yi haske, hayaƙi ya ragu, su zagaya su ɗebi ruwa a kwalba su tafi, kafin sati ya zagayo komai ya koma yadda yake. Ni ba jami'an nake zargi ba, abin da aka nuna musu shi za su rubuta. Ba su nan bayan isha'i lokacin da ake buɗe bututu ruwa mai shuɗi-shuɗi ko baƙi ƙirin da kumfa ya biyo lambatu, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakuna har mutum ya gwammace ya rufe taga a cikin zafin bazara. Da damina abin ya fi muni ma, da an fara yayyafi sai a saki a fake da ruwan sama.

Kuma kada a ce mana ruwan wanki ne kawai, ai 'ya'yanmu ne ke muku aiki, mun san abin da ake zubawa a ganguna. Akwai layim da sodiyam salfayid na cire gashi, akwai gishiri, akwai asid, sannan kuromiyam ɗin da ke mayar da fata shuɗiya. In ruwan salfayid ya haɗu da na asid shi ne ke ba da wannan iskar mai wari, kuma guba ce, in ta taru a rami tana iya kashe mutum nan take, shi ya sa hankalina ke tashi in na ga yaro ya shiga yashe ramin laka ba takunkumi ba safar hannu. Guntayen fatar da aka riga aka jeme kuma kuna tarawa a bayan katanga a cinna wuta da daddare, alhali ƙona su na iya juya kuromiyam ɗin zuwa nau'in da ke jawo ciwon daji, ga hayaƙin tukunyar tururin da kuke kunnawa da baƙin mai, da safe sai ka shafa kan kwano ka ga hannunka ya yi baƙi. Masu asma a unguwar nan, musamman tsofaffi da yara, su suka san yadda suke kwana.

Ruwan nan kuma ba a unguwarmu yake tsayawa ba, kogin Challawa yake gangarawa, can ne masu noman rani ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da tumatur a kai kasuwannin birni, can Fulani ke shayar da shanu, can masunta ke jefa koma. Yallaɓai har gidanka wannan ganyen na iya zuwa.

Mu Kanawa ba mu ƙi sana'ar fata ba, gadonmu ce, unguwa guda ake kira Majema a cikin birni, kakanni sun yi jima da bagaruwa da toka, fatar jan akuya ta ƙetare sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ba ma son a rufe ku, gidaje da yawa a nan da albashinku ake ɗora tukunya. Amma ɗaukar mutane aiki bai ba ku izinin zuba musu guba a ƙofar gida ba, kuma ba alfarma muke roƙo ba doka ce. Tun 1988 da aka jibge gangunan sharar guba daga Italiya a garin Koko, can jihar Delta ta yanzu, ƙasar nan ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar da ta ce babban aiki sai an binciki illarsa ga muhalli kafin a fara, a baje rahoton inda jama'a za su gani na kwanakin aiki 21 su faɗi abin da ke ransu. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da ana bin dokokin muhalli, a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan masana'antun tufafi da fata da takalma, masu iyakance abin da kamfani zai saki a ruwa, kuma ana so a riƙa binciken muhalli na kamfani duk shekara uku. To ina rahoton binciken naku? Kun ƙara sabon sashe, kun ƙara ganguna, manyan motocin fata sun ƙaru, babu wanda ya kira mu ya ce ga abin da za a yi, ramukan tace ruwan kuwa su ne dai na da, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Mun san injin tacewa na shan wuta da dizal da kemikal, mun san halin da masana'antu ke ciki da tsadar man janareta. Amma kuɗin da kuke ragewa in kun kashe shi ba ɓacewa yake ba, mu ke biya a kyamis da asibiti da wajen 'yan garuwa tunda rijiyoyinmu sun canja ɗanɗano babu mai iya sha. Kuromiyam ɗin nan ma ana iya tace shi daga ruwa a sake jima da shi, majemu a wasu ƙasashe suna yi kuma yana rage musu kuɗin kemikal.

Don Allah ku manna kwafin takardun izininku da sakamakon gwajin ruwa da hayaƙi na ƙarshe a bakin get inda kowa zai karanta, in turancin ya yi yawa muna da yaran da suka karanta kimiyya za su fassara mana. Ku yarda a zo a ɗebi ruwan gwaji da daddare ba tare da sanarwa ba, a gaban wakilan unguwa, a kai ɗakin gwajin da mu da ku muka amince da shi. Ku daina ƙona guntayen fata tun daga yau, wannan ba ya buƙatar ko sisi. Yaran da ke shiga rami kuma a ba su kayan kariya.

Muna jiran ku sa ranar zama da mai unguwa da dattawa a cikin wannan watan. In shiru ya ci gaba, wannan takardar da hotuna da bidiyon da matasa suka ɗauka za su tafi ofishin NESREA na Kano da ma'aikatar muhalli ta jiha da sa hannun mutanen unguwa.

Wassalam,
Maƙwabcinku na bayan katanga, a madadin mutanen unguwa.