A matsar da mai zubi daga bakin wuta

Assalamu alaikum Malam Edita, ina fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da mutane ke yawan faɗa cewa wai inji ya zo ƙwace aikin talaka, to ni dai a harkar narka ƙarfe da zubi ban yarda da wannan maganar gaba ɗaya ba.

Akwai injin da ake ce ma Brokk, a Siwidin ake ƙera shi, yana tafiya a kan sarƙa kamar ƙaramar katafila yana da hannu guda dogo, aikinsa a manyan kamfanonin ƙarfe shi ne shiga cikin tanderu da manyan kaskon ɗaukar narkakken ƙarfe ya farfasa dattin da ya daskare da bulon da ya ƙone. Da mutum ne ke shiga da guduma cikin wannan zafin. Yanzu mutumin yana nan ba a kore shi ba, rimot ne rataye a ƙugunsa yana can gefe yana sarrafawa. Haka ma wajen goge kayan da aka zuba, mai aikin yana zaune a ɗakin gilashi yana juya sanda, hannun ƙarfe na riƙe da giranda, wasu ma an yi su yadda zai ji nauyin abin a hannunsa kamar shi ya riƙe. Ƙurar yashin zubi da ke tashi wajen gogewar kuwa ita ke cinye huhu a hankali, cutar da ba ta da magani in ta kama mutum.

Yanzu a zo nan gida. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Katako a Yamai ya ga yadda ake zubin tukunyar alminiyum, ana narka gwangwanin lemo da fistin ɗin mota a kan gawayi, yaro ya ɗauko kasko da awartaki ƙafarsa silifas kawai, ya taka ya je ya tuttula a cikin yashin da aka danna. Alminiyum fa sai ya kai wajen digiri 660 yake narkewa, kuma abin tsoron ba ja yake yi sosai ba kamar baƙin ƙarfe, sai ka gan shi fari kamar ba komai. In aka samu ɗigon ruwa a cikin gwangwani ko yashin ya jiƙe da yawa, nan take ruwan ke zama tururi ya watso narkakken a fuska da ƙafa, da damina abin ya fi yawa. Shi ya sa da wuya ka ga tsohon mai zubi da ba tabo a ƙafarsa, har sun mai da shi kamar shaidar gama koyo.

Na san mai tukunya ba zai iya sayen Brokk ba, ko kamfanoninmu ma sai a hankali, ga matsalar wuta. Amma ai dabarar ita ce tazara tsakanin mutum da wuta, kuma wannan ba sai an je Turai ba. Tanderun da ake karkatawa da sarƙa ko sitiyari daga nesa kaɗan, ba sai an ɗaga kasko da hannu ba, masu walda na Panteka ɗin kansu za su iya haɗa shi in aka zana musu. Ga Kadpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, nan kusa da su, kowace shekara ɗaliban injiniya na neman abin da za su yi furojet a kai, ga kuma cibiyar binciken ƙarafa ta tarayya a Jos. Ina roƙon malaman nan su tura ɗalibansu su zauna da masu zubi su ji nauyin kasko nawa ne da inda ake yawan ƙonewa kafin su zana komai, in ba haka ba za a ƙera abin da zai ƙare a sito.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna