A daina kashe tambaya da "magana tana kotu"

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na safiyar Talata ya ɓata mini rai. An tambayi baƙonku nawa aka fitar a kwangilar hanyar nan, sai ya gyara murya ya ce ai maganar sub judice ce, tana gaban kotu. Mai gabatarwa ya ce "to, madalla", ya wuce. Haba jama'a!

Abin da ƙa'idar nan ta sub judice, wato taƙaita magana a kan shari'ar da ke gaban kotu, ta hana sananne ne: furucin da zai iya karkatar da shari'ar da ba a yanke ba. Wato a ɗora wa wanda ake tuhuma laifi a rediyo alhali sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi, ko a tsorata shaida, ko a matsa wa alƙali lamba, ko a baza hujjar da ba a kai gabansa ba tukuna. Wannan kan iya zama raina kotu. Lauyoyi kuma doka ta 33 ta ƙa'idojin aikinsu ta ƙara ɗaure musu baki a kan shari'ar da ke hannunsu.

Amma sunan kotu, lambar ƙara, abin da takardar ƙara ta ƙunsa, abin da shaida ya faɗa a buɗaɗɗen zama, ranar da aka ɗage, duk ana faɗa. Sashe na 36(3) ma cewa ya yi a yi shari'a a bainar jama'a. Da mai gabatarwa ya san aikinsa, da ya ce: ranka ya daɗe, wace kotu? Babbar Kotun Tarayya ce ko Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Maitama? Wa ya kai ƙarar wa, kuma me ake nema? In rigimar kan biyan ɗan kwangila ce, ina ruwanta da kuɗin da aka ware a kasafi? In kuwa bincike ake yi, ba a shigar da tuhuma ba, babu abin da ke gaban alƙali sam.

Ga shi a ƙasar nan ƙara kan kwashe shekara da shekaru kafin ta kai Kotun Ƙoli. Shiru za mu yi har lokacin?

Abin haushin, masu fakewa da kalmar su ne ke mantawa da ɗaya gefen. A 1986, a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu, Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas saboda ta fitar da Ojukwu daga gida da ƙarfi alhali magana tana kotu. Wannan ya kamata ku riƙa tuna wa duk mai tura katafila kan filin da ake shari'a a kansa.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya a tsakiyar shirin. Layin waya bai samu ko minti goma ba, masu kira uku kuma aka katse su suna tsakiyar magana.

Mai sauraronku daga Kubwa, Abuja