Sanarwa kan ɗinkin ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. In sha Allah ranar Asabar bayan la'asar za mu ci gaba da bargon ƙyallayen nan. Kowacce ta zo da almakashinta.

Don Allah a wanke guntayen atamfa, a goge su kafin a kawo. Wancan karon wani jan ƙyalle ya yi zuba ya ɓata fararen da ke gefensa, sai da muka farke layi guda, abin haushi. Leshi kuma a ware shi, bai dace da bargo ba, amma yana ƙawata jaka idan an sa masa shafi.

Mai shiga Kantin Kwari ta taho mana da zif 10, za mu haɗa mata kuɗinta.