Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Kiwon Dabbobi: Ina Kashin Shanun Nan Yake Tafiya?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ba za mu tsaya yi maka bayanin amfanin madara ba, ka fi mu sani. Magana ɗaya ce ta kawo mu: kashin shanu. Ana ta ba manyan gidajen gonar madara lasisi, ana buɗe su da jawabi da ɗaukar hoto, amma har yau ba mu ji an tambayi mai gona inda kashi da fitsarin shanunsa za su tafi ba. Masu duba gonakin da ka yi alkawarin turawa, ko mota ce ta lalace musu a hanya?

Ga lissafin. Saniya mai ba da madara sosai tana fitar da kashi da fitsari kilo 50 zuwa 60 a rana. Garke mai shanu 500 ya tara tan 25 zuwa 30 ke nan kullum, ban da ruwan wanke wurin tatsa. In ba a kwashe ba, saniyar ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Tana yini tsaye a kan siminti mai caɓi, kofato ya jiƙe ya yi laushi, ƙwayoyin cuta su shiga tsakaninsa, sai ɗingishi. Mai ɗingishi kuwa ba ta son tafiya wurin abinci, sai ta rame, madara ta ragu. Saniya na buƙatar kwanciyar kusan awa 12 a rana. In makwancinta jiƙe yake, ko dai ta ƙi kwanciya ƙafa ta ƙara lalacewa, ko ta kwanta cikin ƙazanta. Kan nononta kuma a buɗe yake har kusan rabin awa bayan tatsa, ta nan cuta ke shiga hantsa ta kumbura. Sai a hau yi mata allura, kuma doka ce a zubar da madararta har kwanakin da maganin zai fita daga jikinta su cika. Inda babu mai gwaji, wa ya ce ana zubarwa? Cikin tanki take shiga, ta ƙare a kofin yara.

Abin da aka share daga ƙarƙashin saniya ma bai ɓace ba. Ana tura shi wani rami da ba a yi masa siminti ko shimfiɗar roba ba. Sinadarin naitiret da ke fitowa daga kashin ya riƙa tsatsa ƙasa har ya iske ruwan rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 a kowace lita, domin abin da ya haura haka na iya hana jinin jariri ɗaukar iska. In aka yi ruwa mai ƙarfi ramin ya batse ya gangara rafi, iskar da ke cikin ruwan ta ƙare, kifi ya mutu. Tarayyar Turai tun 1991 ta iyakance takin dabbobi a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, kada naitirojin ɗinsa ya wuce kilo 170 a hekta ɗaya a shekara. Mu fa, nawa ce tamu iyakar?

Ramin da ke buɗe kuma yana fitar da iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28. A taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo da ke Birtaniya a 2021 ƙasashe sama da 100 suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Lokaci ya ja, ranka ya daɗe.

Don Allah, abin da muke roƙo bai gagari ofishinka ba. Kada a ba da lasisi ko a sabunta shi sai an ga rami mai shimfiɗa, nesa da rijiya, wanda zai ɗauki kashin watannin da ba a iya zuba taki a gona, da isasshiyar gonar da za ta sha shi. A rufe ramin a tara iskar, ta zama gas na girki ko na lantarki. A share hanyoyin shanu aƙalla sau biyu a rana, a ba daɓen ɗan gangare, a zuba busasshen yashi a makwanci. A gyara kofato sau biyu a shekara, a tsoma kan nono cikin aidin bayan kowace tatsa, a zuba abinci nan take don saniya ta tsaya a tsaye har kan nonon ya rufe. A kuma gargaɗi ma'aikata: iskar da ke tashi lokacin motsa ramin, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana kashe mutum da dabba cikin ɗan lokaci.

Batun inuwa da fanka, da ba ɗan maraƙi dakashi kusan lita 4 a awannin farko, za mu dawo kansu. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta riga ta fitar da ƙa'idojin kula da shanun madara tun 2015, ba sai an kafa kwamiti ba. Ka tura masu dubawa ba tare da sanarwa ba, su ƙirga shanu masu ɗingishi, su ɗebi ruwan rijiyoyin da ke kewaye a gwada, a kuma wallafa sakamakon kowa ya gani.

Mu ne,
wasu likitocin dabbobi da masana ruwa da ƙasa.