Amsar tambayarka daga Yamai

Yamai, daren Lahadi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da amarya da ɗan baƙon namu da har yau ban gani ba sai a hoto. Ya Dakar, ya iskar teku? Mu nan Afrilu ta sa mu gaba, da azahar ko kujerar babur ba ta zaunuwa sai an yayyafa mata ruwa.

Saƙonka na murya ya iso tun Talata. Sau uku ina danna salula in ba ka amsa, sau uku ina gogewa, don tambayar ta fi ƙarfin minti biyu. Ka ce kana tunanin tattaro naka ya naka ka dawo gida, ko akwai gurbi a wurinmu. Akwai, har biyu ma. Sai dai kamfanin da na cika maka kunne da labarinsa lokacin da ka zo babbar salla, ba shi ne wanda zan tafi gobe da safe ba, kuma ba na so ka sayi tikiti a kan tsohon labari.

A 2021 mu bakwai ne, a wani gida mai ɗaki uku a Yantala, da dogon tebur ɗaya da kafinta ya haɗa mana a Katako. Maigidan bai daɗe da fitowa daga CIPMEN ba, gidan renon ƙananan kamfanonin nan, kuma shi da kansa yake zuwa sayo dambu da kopto mu ci a kwano ɗaya. Aikin ka san shi: littafin bashin masu shago muka mayar cikin salula, a rubuta wanda ya ɗauki kaya, a tuna masa, ya biya ta waya. Yau mu 64 ne, a bene a Plateau, kowa da kati rataye a wuya. Ranar Alhamis wani sabon mai gadi ya tare ni a ƙofa yana tambayar wa nake nema. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Bari in fara da mai daɗin, kar ka ce na zama tsoho mai mita. Albashi yana shiga banki kafin wata ya mutu, an yi mana rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, in yaro ya kwanta ciwo akwai takardar da za ka kai asibiti. Ni da na fara da jika 80, wani watan ma a biya ka kashi biyu, na san darajar wannan. Kuran ya ɗauke ko bai ɗauke ba, akwai gurup da faranti masu hasken rana a saman rufi. Tun da Starlink ya shigo ƙasar a 2025 aka kafa mana shi kusa da tsohon layi, an daina fita tsakar gida ana ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa.

Ka tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agusta? Mu a lokacin mun kai mutum goma sha tara. Waɗanda suka yi alkawarin zuba kuɗi daga waje suka yi shiru, banki kuma ka yi layi tun asuba a ba ka ɗan abin da ba zai kai ka mako ba. Maigidan ya tara mu ya ce rabin albashi kawai zai iya, wanda zai tafi ba a riƙe shi ba. Mutum biyu suka tafi. Sauranmu muka zauna muna aiki da dare in wuta ta zo, muna barci da rana a kan tabarma ƙarƙashin teburin nan na Katako. Abin mamaki, ƙarancin takardun kuɗin shi ya koro mana masu shago, kafin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 mun ninka masu amfani da manhajar. A wani daren cikin waɗannan ne maigidan ya ce duk wanda ya jure yana da kaso a kamfani. Da baki ya faɗa, muna shan shayi na biyu. Babu wanda ya ce a rubuta, ai kunya ba za ta bari ba. Har yau maganar tana nan inda ya ajiye ta. In na taɓo ta sai ya ce lauya yana kai.

Ban ce mugu ba ne, wallahi. Mutum ne da yanzu yake da masu kuɗi a kansa, su ma da nasu. Amma ka san 'yar'uwar nan tamu da take amsa wayar masu shago da Hausa da Zabarmanci, wadda ta san muryar kowane Alhaji kafin ya faɗi sunansa? Da sashenta ya kai mutum goma sai aka kawo mata shugaba daga waje, mai babban digiri, albashinsa ya ninka nata. Wata uku ta yi tana koya masa aikin, sannan ta ajiye katinta ta tafi. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Abin da ya fi damuna kuwa a Tawa na gamu da shi. Bara aka tura ni in ga yadda ake amfani da sabon fasalin manhajar, na bi motar safe ta Dosso, Dogon Dutsi, Konni, na isa jikina duk ya mutu. A kasuwa na zauna wurin wani dattijo mai sayar da hatsi, sa'an baba. Ya sa aka kawo mini fura, sai da na sha ya ce, "Ɗana, wannan abin naku ɓarawo ne ko jahili?" Ya miƙo salular. Shi ba ya karatu, jikansa ke shigar masa da lissafi. In wata ta ɗauki gero ya ce wa yaron "rubuta ɗari biyu", yaron sai ya danna 200. To kai ka san ɗari biyun kasuwa dala ce, wato jika guda, 1000. Manhaja kuwa faran take ƙirgawa. Bashinsa gaba ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin biyar, kuma saƙon tuni yana zuwa wa mutane da wannan ɗan adadin. Wasu har sun biya hakan sun ce ai ga shaida a waya.

Kunya ta kama ni, don a tsohon fasali akwai wurin zaɓar dala ko faran, ni na saka shi da hannuna. Sababbin da suka sake zana fuskar manhajar suka cire, wai yana rikita ido. Yara ne masu ƙwaƙwalwa, sun fi ni iya rubuta lamba nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya taɓa zama a rumfa ya ji ana ciniki. Na dawo na rubuta rahoto. Aka yi taro, aka sa a jerin jira, aka sake taro. Wata huɗu kafin maɓallin ya dawo. A Yantala da a daren zan gyara.

Sai dai in na faɗi haka dole in tuna wa kaina abin da gyaran dare ya taɓa jawowa. A 2022 ni ne na tura gyara ranar Juma'a da yamma ba wanda ya duba, saƙon "a biya bashi" ya fita wajen ƙarfe biyu na dare zuwa ga duk wanda ake bi. Wani mai shago a Wadata, cikin masu bashinsa har da surukinsa. Da sassafe ya zo da kansa, bai ko yi sallama ba. Yanzu ba mai iya tura komai sai mutum biyu sun duba sun sa hannu, kuma wannan dokar saboda ni aka kafa ta. Ka ga ba ni da bakin zagin taro sosai.

Gurbin da nake hango maka shi ne na murya. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 kowa a ofis ya farka, ana so manhajar ta riƙa karanta wa mai shago lissafinsa da baki, ya kuma faɗa mata ta rubuta. Suna neman wanda ya iya aikin kuma ya san cewa in an ce hamsin ana nufin 250. Kai da ka tashi a rumfar kawunka ba sai an koya maka ba, kuma ni ma zan samu wanda zan kalla a taro in an fara shirme.

In za ka zo, ka zo da sharuɗɗanka a rubuce. Ka tambaya ko kwantiragin na wa'adi ne ko na dindindin, wata nawa ne gwaji, wa zai zama shugabanka, kuma duk maganar kaso ta shiga takarda kafin ka sa hannu. Kar ka yi kunyar da muka yi. Ka kuma lissafa haya tun daga can, don gida mai ɗan dama kusa da Plateau ya yi tsada, yawancin yaranmu daga Harobanda suke ƙetaro gadar Kennedy kullum.

Turo mini takardunka kafin Juma'a, ni zan kai su da hannuna, in mai gadi ya bar ni na shiga. Na biya wurin Hajiya da na je Tawa, tana lafiya, ta ce in gaya maka jikanta ba a hoto take son ganinsa ba. Ka gaida amarya da kyau. Kilishin da ka roƙa yana nan zuwa, da zarar na samu mai tafiya.

Naka,
abokin zamanka na ɗakin jami'a