Zuwa ga kwastomominmu, kan maganar kebul ɗin da ya ƙi tura kaya zuwa kwamfuta

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Sati uku kenan ana ta dawo mana da kebul, mutum ya jona waya da kwamfuta, waya tana shan caji lafiya lau amma kwamfuta ta yi kamar ba ta san da zamanta ba, har wani ya tsaya a bakin shago gaban jama'a ya ce wai mun koma sayar da jabu. Maganar nan ta yi mana zafi gaskiya, shekara 11 muna wurin nan ba a taɓa jifanmu da ita ba.

Abin da ya faru, dilan da muke sarowa a wurinsa a Legas ne ya canja inda yake ɗauko kaya bai faɗa mana ba. Katan biyu ya turo, kwali iri ɗaya, kala iri ɗaya. Shi kebul na USB mai tura kaya zare huɗu ne aƙalla a cikinsa, biyu na wuta, biyu kuma su ke ɗaukar hoto da bidiyo da fayil. Da muka yanka ɗaya daga cikin waɗannan sai ga ja da baƙi na wuta kawai, fari da kore masu ɗaukar fayil babu su, wato na caji ne zalla. Daga waje wallahi ba mai iya ganewa, mu kanmu da kan caja muke gwadawa, in ya kawo wuta mu ce ya yi. Kuma kun san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hana mu sauka Legas da kanmu kamar da, ta waya ake ciniki a ɗoro kaya a mota, ga dala ta ƙi zama wuri ɗaya, in ka tsaya dogon bincike kafin ka waiwayo kuɗi ya ƙaru. Ba wai muna wanke kanmu ba ne, amma dai a san yadda abin yake.

Sannan ba duk wanda aka dawo da shi ne mai laifi ba, wasu mun jona su a nan sun yi aiki garau. In wayarka Android ce, Tecno ko Infinix ko Samsung, sai ka cire mata makulli tukuna, ka ja allon daga sama, ka taɓa sanarwar USB ɗin ka zaɓi File transfer, don yawancinsu a kan caji kawai suke tsayawa in ba ka canja ba. Mai iPhone kuma za ta tambaye shi ko ya yarda da kwamfutar, ya danna Trust ya sa lambarsa. A gwada wani ramin USB ɗin, in babbar kwamfuta ce na baya ya fi. A leƙa ramin cajin wayar ma, ƙurar hunturu da zaren aljihu suna cushewa a ciki, a sakace a hankali da tsinken sakace, banda allura dan Allah.

Shi dilan muna kan magana da shi, ya ce zai duba. Mu ma muna duba yadda za a yi da waɗanda suka riga suka saya, insha Allah ba za a ji kunya ba.

Alhajinmu mai studiyon hoto da ke sayen memori a wurinmu tun muna kan tebur, hotunan biki suka maƙale masa a waya kwana biyu amma ko ɗaga murya bai yi ba, Allah ya saka da alheri. Haka Malama mai islamiyya, da samarin kafe na bayan layi da suka ara mana kwamfuta muka gwada sauran kayan.

Wanda nasa ya ƙi, ya zo da wayar da kebul ɗin, in da hali har da laftof ɗin, mu jona a gabansa. Muna nan har bayan isha'i.

Naku,
Masu shagon kayan waya