A rubuta inda za a kai ƙara tun kafin a ɗora kaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku. Ni ba lauya ba ne, akawu nake a ofishin lauya, amma shekara goma sha tara ke nan duk fayil ɗin da ya shigo sai ya bi ta hannuna, ina kuma jin abin da ake faɗa a ɗakin maigida ko da an tura ƙofa.

Kwanaki wani dattijo ya zo mana, ya zaro takarda daga aljihun riga, ta sha ninki har ta fara yagewa. Fallen littafin makaranta ne. A jiki akwai yawan kaya, da lambar waya, da sa hannun mutum biyu, shi ke nan. Ya ba abokin cinikinsa na ƙetaren iyaka kaya bashi, wata takwas shiru. Maigidana ya juya takardar ko akwai ci gaba a baya, sannan ya ce, "Baba, da dokar wace ƙasa kuka ƙulla, kuma wace kotu kuka ce za ta raba ku?" Dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai amana ce." Na tausaya masa, domin na san hukuncin kotunmu ba ya tsallaka iyaka da ƙafarsa. Ko ya ci shari'a a nan, sai ya sake neman kotun can ta amince da hukuncin kafin a taɓa ko tsinke a dukiyar mutumin.

Abin da ke damuna shi ne dokokin kasuwanci sun canja sosai a 'yan shekarun nan, amma labarin bai isa ga masu kasuwar ba. A Najeriya dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfaninsa shi kaɗai. Da can sai ka ga an saka sunan mata ko ɗan da ke goye don kawai a cika mutum biyu, daga baya abin ya zama rikicin gado. Na buga irin waɗannan takardu ba iyaka. Hatimin kamfani ma yanzu ba dole ba ne, rajista kuma ta intanet ake yi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC.

Wadda ta fi shafar dattijon nan ita ce dokar raba gardama da sulhu ta 2023, da ta kawar da ta 1988. Idan 'yan kasuwa biyu suka rubuta a yarjejeniyarsu cewa saɓani in ya taso masu raba gardama za su zauna a kai, to su za su zaɓi mutanen, su zaɓi wurin zama da harshen da za a yi magana. Hukuncin da ya fito daga nan ya fi na kotu saurin tsallaka iyaka, saboda yarjejeniyar New York ta 1958, ta ƙasashen da suka yarda su zartar da irin wannan hukunci ko a wata ƙasa aka yanke shi, wadda Najeriya da Nijar duk suna cikinta. Ba na cewa abin arha ne. Masu raba gardama kuɗi ake biyansu, kuma a ƙaramin bashi wani lokaci kuɗin zama ya fi abin da ake nema. A nan ne sulhu ta hannun mai shiga tsakani ya fi, kuma sabuwar dokar ta ba takardar sulhun ƙarfin da kotu za ta iya tilasta ta.

Sai kuma wani abu da lauyoyinmu da yawa ke kawar da kai daga gare shi. Maƙwabtanmu huɗu, Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duk suna cikin OHADA, tsarin dokar kasuwanci na bai ɗaya da aka ƙulla a 1993, mai ƙasashe 17, da babbar kotunsa a Abidjan. Najeriya ba ta ciki. Mu turbar Ingila muka gada, su ta Faransa. Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, amma dokar sayarwa da jingina da karɓar bashi a can har yau ta OHADA ce. Ana ta zancen kasuwar bai ɗaya ta Afirka da aka buɗe a 2021, alhali a ofishinmu babu mai iya karanta shafi guda na Faransanci. Ranar da aka kawo mana takardar rajistar kasuwanci daga can, sai da muka nemi malamin makaranta ya fassara mana, yana yi yana tambayarmu ma'anar kalmomin.

Roƙona gare ku, ku ware shafi ko da sau ɗaya a wata, lauyan da ya san kasuwanci ya riƙa bayani da Hausa, ya buga samfurin gajeriyar yarjejeniya da mutum zai iya kwafa: sunaye, kaya, ranar biya, dokar da za a bi, da inda za a je in an saɓa. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA ma tana iya ɗaukar nauyin wannan a rediyo.

Dattijon ya dawo makon jiya. Maigida ya rubuta wa abokin nasa wasiƙar neman sulhu, ni na kai a fassara, muna jiran amsa.

Wassalam,
Wani akawun lauya